Fashin baƙi: Idan kwamfuta ta ce lafiyar SSD ta ragu, yaushe ya kamata a canja shi?

Faifan SSD da manhaja ta nuna lafiyarsa ta sauko kashi 85 cikin 100, ya kusa mutuwa ke nan? Wanda kuma ta nuna 100 cif, za a iya sakin jiki da shi? Tambayar nan ta yi yawa a shagunan buga takardu da wuraren rajistar jarrabawa, daga Dambatta da Rano har Gumel da Birnin Kudu, tun lokacin da laftof ɗin gwanjo da ake sarowa daga Kano suka koma zuwa da SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa. Mai saye yana rage kuɗi saboda ya ga 88. Wani mai gyara yana sa a cire faifai lafiyayye saboda ya ga 79. Can kuma ga wani ya wayi gari kwamfuta ba ta ganin faifan gaba ɗaya, alhali jiya-jiya 99 take nunawa. Duka ukun abu guda ne ya ruɗe su: sun ɗauka lambar nan ita ce hukuncin ƙarshe a kan lafiyar faifai, alhali abu ɗaya tak take aunawa.

Abin da lambar take aunawa

Babu abin da ke juyawa a cikin SSD. Ƙananan ƙwayoyi ne masu riƙe cajin lantarki, kuma yawan cajin da ke cikin kowace ƙwaya shi ne bayanin da aka adana. Kafin a sake rubutu a wuri sai an goge abin da ke wurin, kamar allon almajiri da sai an wanke ake sake rubutu, kuma kowane wanki yana ɗan cin jikin allon. Karatu ba ya cin faifai wani abin a zo a gani. Rubutu da gogewa su ne ke cinsa.

Yawancin faifan da ke kasuwa yanzu nau'in TLC ne, mai ɗora bayani uku a ƙwaya ɗaya, kuma ƙwayarsa tana jure gogewa kamar sau 1,000 zuwa 3,000. Nau'in QLC mai ɗora huɗu ya fi araha, juriyarsa kuma ba ta kai haka ba. Don kada wuri ɗaya ya ƙare kafin sauran, akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikin faifan da ke rarraba rubutu ko'ina daidai wa daida, tana kuma riƙe da wasu ƙwayoyin a gefe don maye gurbin waɗanda suka lalace.

Ita wannan ƙwaƙwalwa tana rubuta rahoto a kan kanta da ake kira SMART. Manhajoji irin su CrystalDiskInfo da Hard Disk Sentinel da Samsung Magician ba gwada faifan suke yi kafin su ba da wannan lamba ba, rahoton kawai suke karantowa. Kashin da suke nunawa ƙiyasi ne na yawan gogewar da ta rage daga abin da kamfani ya ɗiba wa faifan. Faifai mai 85 ya cinye 15 daga rabonsa na rubutu. Ba ya nufin ya rasa 15 na gudunsa, ba ya nufin wani yanki na takardun ciki ya lalace. Shi ya sa ma manhajoji biyu kan ba da lamba daban a faifai ɗaya, domin kowace da layin rahoton da ta dogara da shi.

Lissafin da mutum zai yi da kansa

Kowane kamfani na ƙwarai yana bayyana jimillar rubutun da ya lamunce wa faifansa, ana rubuta shi da harufan TBW. Kingston A400 mai gigabayit 240 an ɗiba masa terabayit 80. Crucial MX500 mai 500 yana da 180. Samsung 870 EVO mai 500 yana da 300.

A ɗauki mafi ƙanƙantar cikinsu. Shagon da ke buga takardu, yana cike fom a intanet, yana ɗaukar hoton fasfo, a ce yana rubuta gigabayit 20 a kullum. Terabayit 80 gigabayit 80,000 ne. A raba 80,000 da 20, za a samu kwana 4,000, wato kusan shekara 11. Kafin nan allon laftof ɗin da batirinta sun daɗe da gajiya. Mai tura fina-finai da karatuttuka a waya ma ba shi da abin tsoro sosai, domin sau ɗaya yake zuba fim a faifai, sauran aikin duk karantawa ne. Waɗanda ke cin faifai da gaske su ne masu haɗa bidiyon biki da na taro, da duk wanda ya ɗora kyamarar tsaro tana naɗa dare da rana a kan ƙaramin SSD.

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba saurin saukar lambar. Faifan da ya sauko daga 100 zuwa 92 a shekara biyu yana cin 4 a shekara, ba shi da wata matsala ta wannan fuska. Wanda ya sauko daga 92 zuwa 80 cikin wata biyu, akwai abin da ke faruwa. Sau da yawa RAM, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi, ce ta yi kaɗan, kamar gigabayit 4, sai Windows ta riƙa jibge aiki a faifai. Wani lokacin faifan ne ya cika maƙil, ƙwaƙwalwarsa tana ta kwashe bayanai daga nan zuwa can don ta samu wurin rubutu, kowane kwashewa kuma rubutu ne. Barin kashi 15 zuwa 20 na faifan babu komai yana rage wannan sosai. Wani lokacin kuma laifin manhajar cikin faifan ne: a farkon 2023 masu Samsung 990 Pro sun yi ta ƙorafin lambarsu na zubewa cikin makonni, sai da kamfanin ya fitar da gyaran manhajar sannan abin ya tsaya.

Ko lambar ta kai sifili, ba lallai faifan ya mutu nan take ba. Shafin fasaha na The Tech Report ya yi gwaji daga 2013 zuwa 2015, ya yi ta rubutu a faifai shida masu gigabayit 240 zuwa 256 har suka mutu. Wanda ya fara mutuwa sai da ya haura terabayit 700, Samsung 840 Pro kuwa ya wuce 2,400. Sai dai a lura, akasarin waɗancan nau'in MLC ne, mai ɗora bayani biyu a ƙwaya ɗaya, da ya fi na yanzu juriya, don haka kada a auna faifan araha na yau da su.

Layukan da suka fi lambar muhimmanci

A ƙasan babbar lambar akwai jerin layuka, kowane da alamarsa a gefen hagu, kuma a nan ainihin labarin yake. Abin da ke gefen dama na ƙarshe shi ake karantawa, amma CrystalDiskInfo tana nuna shi da lissafin da ke haɗa harufa da lambobi. A shiga Function, sai Advanced Feature, sai Raw Values, a zaɓi mai lamba 10 da ke ɗauke da DEC, sai ya koma lissafin da aka saba.

A faifan SATA, wato nau'in da galibi yake da faɗi kuma a kwamfutar tebur da waya ake jona shi, layin 05 yana ƙirga wuraren da suka lalace aka maye gurbinsu. Sifili ake so a gani. Idan an ga 2 ko 3 kuma sun tsaya a haka wata da watanni, a riƙa sa ido kawai. Idan yau 3 ne, mako mai zuwa 20, faifan yana zubewa. Layin BB ya fi shi tsanani, domin yana ƙirga lokutan da faifan ya kasa karanto abin da aka ba shi ajiya, ya kuma kasa gyarawa. Duk abin da ya haura sifili a nan yana nufin wani bayani ya taɓu.

Layin C7 shi ne wanda ya fi sa a jefar da faifai lafiyayye. Kuskuren da yake ƙirgawa a hanya yake faruwa, tsakanin faifai da kwamfuta, kuma galibi waya ce ta saki ko ƙura ta shiga bakinta. A kwamfutar tebur da ta sha hunturu biyu ko uku ba a buɗe ta ba, wannan ba baƙon abu ba ne. A kashe ta, a zare wayar, a hure ƙurar, a mayar da kyau ko a sa wata wayar. Lambar ba ta komawa sifili ko an gyara, abin dubawa shi ne ko ta daina hawa.

Faifan NVMe, wato siririn nan mai kama da tsinken cingam da ake sokawa a jikin allon kwamfuta, alamominsa daban ne, kuma a nan masu gyara da yawa ke tuntuɓe. A wurinsa 05 kashin da aka cinye na rayuwarsa ne, ba wuraren da suka lalace ba, kuma yana iya wuce 100. Layin 03 shi ne ragowar ƙwayoyin da aka ajiye a gefe, yana farawa daga 100. Layin 04 iyakar da kamfani ya gindaya ne, galibi 10. Idan 03 ya fara sauka, to ƙwayoyi ne ke mutuwa, idan ya faɗa ƙasa da 04 kuma magana ta ƙare. Layin 0E kuskuren bayanai ne da ba su gyaru ba, shi ma sifili ake so. Layin 01 gargaɗin gaggawa ne, duk abin da ba sifili ba a wurin a ɗauke shi da muhimmanci. Layin 0F kuwa yakan tara dubbai a wasu faifan ba tare da wata illa ba, domin har umarnin da faifan bai gane ba yana ƙirgawa. Mai son sanin jimillar rubutu ya duba 07: kowane ɗaya a wurin bayit 512,000 ne, don haka miliyan 20 yana nufin terabayit 10 da ɗoriya.

Launi ma yana da fassara. Shuɗi yana nufin babu layin da ya ƙetare iyaka. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, kuma dole a duba wane layi ne ya jawo shi. Ja yana nufin faifan da kansa ya ce ya gaza. Ruwan toka kuwa manhajar ce ba ta samu rahoton ba, kamar yadda kan faru idan an jona faifai ta wasu akwatunan USB masu araha. Windows 11 ita ma tana fito da saƙon cewa na'urar ajiya na cikin haɗarin lalacewa idan NVMe ya yi gargaɗin gaggawa, laftof ɗin HP kuma kan tsaya da baƙin allo mai lamba 301 tun kafin Windows ta tashi. Waɗannan biyun ba a danna su a wuce.

Abin da ya fi kashe faifai a wajenmu

Gajiyar ƙwayoyi ita ce mutuwar da rahoto ke iya hangowa, kuma ita ce mafi ƙaranci a ƙaramin shago. Mutuwar da ta fi yawa ta 'yar ƙwaƙwalwar nan ce, ita kuma ba ta sallama. Wani bincike da masana daga Jami'ar Toronto suka yi tare da Google, aka fitar a 2016 bayan nazarin bayanan shekara shida, ya nuna cewa shekarun da faifai ya yi yana aiki sun fi yawan rubutu alaƙa da kuskuren da yake yi. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu faifansa na manyan kwamfutocin ma'aikatu za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, saboda kuskure a manhajar ciki, ko da ƙwayoyinsu garau suke.

A karkarar Kano da Jigawa, wuta ce kan gaba. Faifai yana riƙe da taswirar da ke nuna inda kowane bayani yake, kuma yana sabunta ta a kai a kai. Idan wuta ta yanke yana tsakiyar wannan aiki, taswirar na iya rikicewa, faifan ya ɓace daga kwamfuta ko ya riƙa nuna girman da ba nasa ba. Yawancin faifan gida da na shago ba su da ma'ajin cajin da ke ba na manyan ma'aikatu damar kammala rubutu. Kwamfutar tebur da ke kan janareta kai tsaye, da laftof mai mataccen batiri da ke mutuwa da zarar an zare caja, su suka fi shiga wannan haɗari. Layin 0D a NVMe, da C0 ko AE a yawancin SATA, suna ƙirga irin wannan mutuwar bazata. Yawan lambar ba ya nufin faifan ya lalace, yana nufin ana ta jefa shi a caca. Sabon batiri ko ƙaramar UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta yanke, ya fi sabon faifai amfani ga mai irin wannan shago.

Sai zafi. Yawancin faifan an ƙayyade musu aiki tsakanin digiri 0 da 70. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje ke haura 40, shago mai rufin kwano ya fi haka, laftof kuma tana ajiye a kan tabarma ko katifa da ta toshe mata kafar iska. NVMe da ya kusanci 70 yana rage gudu don ya kare kansa, sai mai shi ya ɗauka faifan ya tsufa. A ɗaga bayan laftof ɗin daga tebur, a share fankarta bayan kowane hunturu. Faifan da ke zaune tsakanin 35 da 55 yana aiki ba shi da damuwa.

Na uku faifan jabu ne da marasa suna. Rahotonsu ba abin dogaro ba ne: wani zafinsa a lamba ɗaya yake tsaye safe da rana, wani lafiyarsa 100 har ranar da zai mutu. Ana kuma iya goge rahoton wasu tsofaffin faifan ya koma kamar sabo. Idan laftof ta sha jiki, maɓallanta sun goge, amma faifan cikinta ya ce awa 30 kawai ya yi yana aiki, to ko dai sabo aka sa ko an taɓa lissafin, kuma haƙƙin mai saye ne ya tambaya. Manhajar H2testw tana cika faifai da bayanai ta sake karantowa, tana tona asirin wanda aka rubuta masa girman ƙarya. Ana yin wannan gwaji ne kafin a zuba komai a ciki.

Masu cewa a canja da wuri, da masu cewa a bari ya mutu

Ɓangare na farko, wanda masu gyara suka fi yawa a ciki, suna cewa da an sauko ƙasa da 80 a canja. Hujjarsu ita ce mai shago a Gwaram ko Tudun Wada ba shi da inda zai sayi faifai a ranar da nasa ya mutu, sai ya yi tafiya, kuma idan abin ya zo a tsakiyar rajistar JAMB asarar ta fi kuɗin faifai nesa ba kusa ba. Damuwar tasu gaskiya ce, amma ma'aunin da suka riƙe ba shi ne ba. Faifan kamfanin ƙwarai mai 75 da babu kuskure ko ɗaya a rahotonsa ya fi sabon faifai marar asali aminci, kuma sau da yawa irin wannan musanyar ake yi wa mutane.

Ɓangare na biyu suna cewa tunda yana aiki a bar shi. Wannan ra'ayi gadon zamanin tsohon faifai ne, wanda kan yi ƙara da jan ƙafa kafin ya mutu, kuma ko ya mutu ƙwararru kan iya ceto wani abu. SSD ba ya ƙara. Idan ƙwaƙwalwarsa ta mutu, ceto bayanan aiki ne mai tsada da sai da kayan aiki na musamman, wani lokacin ma ba ya yiwuwa. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure shi ma da wuya ya dawo, saboda tsarin TRIM yana sa faifan ya share wurin ba da jimawa ba. Wanda ya ce zai jira mutuwa, to ya tabbata yana da kwafin komai a wani wuri.

To yaushe za a canja?

A canja ba tare da jinkiri ba idan launi ya yi ja, ko layin 01 ya bar sifili don wani dalili da ba zafi ba, ko ragowar ƙwayoyin gefe ta kusanci iyaka, ko kuskuren da ba ya gyaruwa yana ƙaruwa. Haka nan idan faifan ya koma ana karantawa amma ba ya karɓar rubutu, domin wannan shi ne matakin kare kai na ƙarshe da yake ɗauka. Halinsa ma shaida ne ko rahoto ya ce lafiya lau: faifan da ke ɓacewa sai an kashe an kunna, ko kwamfuta ta riƙa daskarewa idan an buɗe wani fayil, ko takardun da aka adana jiya su ƙi buɗuwa yau. Idan an gyara zaman waya, an tabbatar ba RAM ba ce, abin kuma ya ci gaba, faifan ne.

A fara tanadin kuɗi idan lambar ta sauko wajen 20, a canja kafin ta kai 10. Faifan da ya haura shekara biyar yana aiki kullum, kuma a kansa abincin gida yake, ya cancanci a yi masa wannan tanadi ko lambarsa tana sama. Tsakanin 100 da 30 kuwa, babu kuskure, babu baƙon hali, a bar shi ya yi aikinsa. A ɗauki hoton rahoton da waya sau ɗaya a wata, domin kwatanta na yau da na watan jiya ya fi kallon na yau shi kaɗai faɗin gaskiya.

Idan gargaɗin ya riga ya fito

Kada a yi fomat, kada a sake ɗora Windows a kansa, kada kuma a saki manhajar da za ta bi faifan kaf tana gwaji, domin faifai mai rauni na iya ƙarasawa a ƙarƙashin wannan nauyi. A jona kwamfutar da wuta tsayayya, a fara kwashe abin da ba a iya samu a wani wuri: takardun kwastomomi, sakamakon ɗalibai, lissafin bashi, hotunan iyali. Fina-finai da manhajoji su zo daga baya. Bayan nan ne za a gwada kwafe faifan ɗungurungum zuwa sabo da manhaja irin Clonezilla. Idan ta yi ta tsayawa a wuri ɗaya, a haƙura a ɗora sabuwar Windows a sabon faifan.

Kafin a zare faifan a duba ko an kulle shi da BitLocker, domin laftof da yawa na ofis da masu Windows 11 suna zuwa da shi a kunne ba tare da mai su ya sani ba. Mabuɗinsa lambobi 48 ne, a rubuta su a takarda tun kwamfutar tana tashi. In babu su, ko an jona faifan a wata kwamfuta ba abin da za a gani.

Wajen saye a tafi da tsohon, ko a ɗauki hotonsa. Akwai mai faɗi na inci 2.5, akwai siriri na M.2, shi kuma iri biyu ne: mai tsaga biyu a baki galibi SATA ne, mai tsaga ɗaya galibi NVMe, kuma ba kowace laftof ke karɓar duka biyun ba. Wasu ƙananan laftof masu gigabayit 32 ko 64 ma'ajinsu a like yake da allon ciki, ba ya ciruwa. A nemi rasit mai lambar jikin faifan, a buɗe rahotonsa a gaban mai shago.

Tsohon faifan da gajiya kawai ta sa aka cire shi yana iya zama abin ɗaukar fina-finai a akwatin USB, amma bai dace da ajiyar dogon lokaci ba. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan na'urori, ta ce faifan da ya cinye rabonsa na rubutu ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30, kuma duk ƙarin zafi yana rage wannan wa'adi. Ɗakunanmu kuwa sun fi 30 a yawancin watannin shekara. Kwafin da ake son ya daɗe a sa shi a faifai mai juyawa na waje, ƙananan takardu masu muhimmanci kuma a ɗora su a Google Drive, wanda ke ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta.